Watchmen: Littafin Zanen Da Ya Gagari Masu Fim Fiye Da Shekara 20

A ranar 6 ga watan Maris na shekarar 2009 aka fara nuna fim ɗin Watchmen a gidajen sinima na Amurka. Wanda ya tsaya ya karanta sunayen da suka bayyana a allon majigi ya ga na mai ba da umarni, Zack Snyder, ya ga na marubutan fim ɗin, David Hayter da Alex Tse, ya kuma ga na Dave Gibbons, mutumin da ya zana littafin da aka ciro labarin daga cikinsa. Suna ɗaya ne babu, shi ne na Alan Moore, wanda ya ƙagi labarin ya rubuta shi. Ba mantuwa aka yi ba. Shi da kansa ya nemi kada a sa sunansa, ya ce a miƙa wa Gibbons kason kuɗin da ya kamata a ba shi, ya kuma ce ba zai kalli fim ɗin ba.

Abin mamakin shi ne, a cikin duk fina-finan da aka taɓa ɗaukowa daga littattafan zane, da wuya a sami wanda ya yi wa littafinsa biyayya kamar wannan. Akwai wuraren da aka ɗauki zanen Gibbons aka ajiye shi a gaban kyamara yadda yake, har inda kujera take da inda haske ke faɗowa. Duk da haka, har yau masu karatu suna gardama a kan ko Watchmen suka kalla ko kuwa wani abu mai sanye da kayansa. Tarihin wannan gardama ya cancanci a bi shi daga tushe, domin yana nuna abin da ke tsira da abin da ke salwanta idan labari ya yi ƙaura daga takarda zuwa majigi.

SADAUKAN TAKARDA

Littafin zane, wato labarin da ake bayarwa da hotunan da aka zana a jere cikin ƴan akwatuna, maganar mutane tana rubuce kusa da bakinsu, ya sami sadaukinsa na farko a shekarar 1938. A wannan shekara ce wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman, suka sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Batman ya biyo baya a 1939. Daga nan kasuwa ta buɗe, aka cika da jarumai masu rufe fuska, masu tashi sama, masu karya ƙarfe da hannu.

A 1954, bayan an yi ta ƙorafi a Amurka cewa waɗannan littattafai suna lalata tarbiyyar yara, kamfanonin da ke buga su suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Ƙa'idojinta sun hana a nuna hukuma cikin raini, sun kuma wajabta cewa mai gaskiya ya yi nasara a ƙarshen kowane labari. Shekaru kusan talatin aka yi ana kallon littafin sadaukai a matsayin abin yara. Sai a tsakiyar shekarun 1980 wasu marubuta suka fara tambayar da aka daɗe ana kauce mata: shin wane irin mutum ne zai rufe fuskarsa ya fita da dare yana dukan jama'a da sunan adalci, kuma wa ya ba shi izini?

YADDA AKA HAIFI LITTAFIN

Alan Moore ɗan garin Northampton ne a Ingila, an haife shi a 1953 a gidan talakawa. Dave Gibbons shi ma Bature ne ɗan Ingila. Su biyun sun yi aiki a mujallun zane na ƙasarsu kafin kamfanin DC Comics na Amurka ya ɗauke su. A 1983 kamfanin ya sayi wasu tsofaffin jarumai daga wani ƙaramin kamfani mai suna Charlton. Moore ya kawo shawarar a ba shi su ya gina labarin kisan kai a kansu. Da editan kamfanin, Dick Giordano, ya ga cewa labarin zai kashe wasunsu ya bar sauran ba su da sauran amfani, sai ya ce masa ya ƙirƙiri nasa. Wannan hani shi ya zame alheri, domin da sababbin mutane Moore ya sami damar yin abin da ya ga dama.

Littafin ya fito kashi-kashi, babi 12, daga watan Satumba na 1986 zuwa Oktoba na 1987, John Higgins ne ya sa masa launi. Daga baya aka haɗa shi a kundi ɗaya mai shafi wajen 400. A 1988 ya ci lambar yabo ta Hugo, kuma a 2005 mujallar Time ta sa shi cikin jerin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafiya daraja da aka rubuta da Ingilishi tun daga 1923. Shi kaɗai ne littafin zane a cikin jerin.

Sai mai karatu ya tuna da zamanin da aka rubuta shi. Yaƙin cacar baki tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat ya sake zafi. Sojojin Sobiyat suna Afganistan tun 1979. Ronald Reagan yana mulki a Amurka, Margaret Thatcher a Birtaniya. A watan Satumba na 1983 Sobiyat ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu. A 1984 masana kimiyyar da ke riƙe da agogon nan na misali, wanda ke nuna kusancin duniya da halaka, suka matsar da hannunsa zuwa saura minti uku sha biyun dare. Mutanen Turai da Amurka suna kwana suna tashi da tsoron makaman ƙare-dangi. A cikin wannan fargaba aka rubuta Watchmen, a cikinta kuma aka fara karanta shi.

ABIN DA LABARIN YA ƘUNSA

Labarin yana faruwa ne a birnin Niyok a watan Oktoba na 1985, amma a wata Amurka da tarihinta ya karkace. A can, masu rufe fuska sun wanzu da gaske tun ƙarshen shekarun 1930, sai dai duk mutane ne kamar kowa, da rauninsu da son zuciyarsu. Ɗaya ne kawai yake da ikon da ya wuce na ɗan Adam: Jon Osterman, masanin kimiyya, ɗan mai gyaran agogo, wanda hatsari a ɗakin gwaji ya tarwatsa jikinsa a 1959, ya sake haɗa kansa ya dawo shuɗi, aka sa masa suna Dokta Manhattan. Da shi Amurka ta ci yaƙin Biyetnam, saboda haka Richard Nixon yana kan mulki a wa'adi na biyar. A 1977 aka yi doka ta haramta aikin masu rufe fuska, in ban da waɗanda ke yi wa gwamnati aiki.

An buɗe da kisan Edward Blake, wanda ake kira Comedian, tsohon ɗan ina-da-kisan gwamnati, da aka jeho daga bene. Rorschach, wanda ya ƙi bin dokar 1977, shi ya shiga bincike, yana zargin ana farautar tsofaffin abokan aikinsa ne. Binciken ya ratsa ta kan Dan Dreiberg, wanda ya ajiye kayan yaƙinsa ya yi ƙiba, da Laurie, wadda uwarta ta tura ta wannan sana'a ba da son ranta ba, har ya kai ga Adrian Veidt, attajirin da ake yi wa kirari da mafi kaifin basira a duniya. Veidt ne ya shirya komai. Ya ga yaƙin nukiliya yana tafe, sai ya yanke shawarar ya tsorata manyan ƙasashen biyu da abokin gaba na ƙarya. Ya sa aka ƙera wani ƙaton dodo mai ido ɗaya da hannuwa barkatai, ya jefa shi tsakiyar Niyok kamar daga wata duniya ya zo, mutane wajen miliyan uku suka mutu. Dabarar ta ci. Amurka da Sobiyat suka sasanta. Waɗanda suka san gaskiya suka yarda su yi shiru, sai Rorschach da ya ƙi, Dokta Manhattan ya kashe shi. Amma kafin ya tafi ya riga ya aika littafin da yake rubuta bincikensa zuwa wata ƙaramar jarida, kuma a nan labarin ya tsaya, hannun wani yaron ofis yana shawagi a kan tarin wasiƙu.

ABIN DA TAKARDA KE IYAWA

Da a ce wannan zaren labari shi ne dukan Watchmen, da an daɗe da yin fim ɗinsa. Wahalar tana cikin yadda aka gina shafukan. Moore ya sha faɗa cewa ya tsara littafin ne domin ya nuna abubuwan da littafin zane kaɗai zai iya, waɗanda fim da rubutun zube ba za su iya ba. Bayanin da ya rubuta wa Gibbons na babi na farko kaɗai ya haura shafi 100.

Gibbons ya raba kusan kowane shafi gida tara, uku a jere sau uku. Wannan tsari yana sa ido ya riƙa tafiya da taki ɗaya kamar bugun agogo, ta yadda duk inda aka karya shi aka ba hoto ɗaya fili babba, sai mai karatu ya ji a jikinsa. Sun kuma yar da wasu al'adun littattafan sadaukai: babu kumfar da ke nuna tunanin mutum, babu manyan haruffan da ke kwaikwayon ƙarar naushi. Faɗa a cikin littafin gajere ne, mummuna, ba shi da armashi.

Babi na huɗu yana bin Dokta Manhattan ne bayan ya gudu zuwa duniyar Mars. Shi a wurinsa jiya da yau da gobe duk suna nan a lokaci ɗaya. A kan takarda wannan ba ya buƙatar dogon bayani, domin akwatin 1959 yana maƙwabtaka da na 1985 a shafi guda, idon mai karatu yana ganinsu tare kamar yadda shi Manhattan yake gani. Babi na biyar kuwa an gina shi kamar madubi: tsarin shafin farko ya yi daidai da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har su haɗu a tsakiya, inda wani ɗan bindiga ya kai wa Veidt hari. Ba a gane wannan sai an riƙe littafin ana juya shi gaba da baya. Mai kallon fim ba shi da wannan dama, daƙiƙa tana wucewa ne ko ya shirya ko bai shirya ba.

Akwai kuma labari a cikin labari. A wata kusurwar titi akwai mai sayar da jaridu, kusa da shi wani yaro yana zaune kullum yana karanta littafin zane na ƴan fashin teku. Labarin da yaron ke karantawa na wani matuƙin jirgi ne da ƴan fashi suka hallaka mutanensa, ya ɗaure gawarwakinsu ya yi kwalekwale da su domin ya riga maharan isa garinsu. Da ya isa, tsoro ya riga ya haukata shi, ya kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ya kai wa matarsa hari a cikin duhu, alhali ƴan fashin ba su ma zo garin ba. Moore yana saƙa kalmomin wannan labari a kan hotunan titin Niyok, mai karatu yana karanta abu biyu a numfashi ɗaya. Sai can gaba zai gane cewa matuƙin jirgin nan hoton Veidt ne, mai ceton da ya hau kan gawa. Bayan haka, ƙarshen kowane babi in ban da na 12 yana ɗauke da wasu takardu na zube, kamar yankin tarihin rayuwar wani tsohon mai rufe fuska, Hollis Mason, da rahoton likitan ƙwaƙwalwa, da yankan jaridu. Su ne suke sa duniyar littafin ta yi kauri.

SHEKARUN YAWO

Tun a 1986, kafin a gama buga littafin, furodusa Lawrence Gordon ya sayi izinin yin fim ɗinsa da sunan kamfanin 20th Century Fox, tare da Joel Silver. Aka ba Sam Hamm aikin rubutawa, shi ne wanda ya rubuta fim ɗin Batman na 1989. Hamm ya ga dodon nan ba zai shiga ba, ya sauya ƙarshen zuwa wata dabarar komawa baya cikin zamani domin a hana Dokta Manhattan wanzuwa. Aka kawo Terry Gilliam ya ba da umarni. Gilliam ya taɓa tambayar Moore yadda shi zai yi fim ɗin in da shi ne, Moore ya ba shi amsa cewa shi ba zai yi ba. Kuɗin da ake buƙata bai taru ba, daga ƙarshe Gilliam ya janye, ya ce littafin ba zai shiga fim na awa biyu ba, sai dai ko shirin talabijin na wajen awa biyar.

Aikin ya kwanta har 2001, lokacin da nasarar fim ɗin X-Men na shekarar 2000 ta nuna cewa sadaukan zane suna kawo kuɗi. David Hayter, wanda ya rubuta wancan fim, ya yi sabon rubutu a ƙarƙashin kamfanin Universal, aka saɓa, aka rabu. A 2004 aikin ya koma Paramount. Darren Aronofsky ya karɓa ya saki, Paul Greengrass ya karɓa, har an fara shirin ɗauka a Ingila, sai shugabancin kamfanin ya sauya aka dakatar a 2005. Daga nan Warner Bros ta ɗauka, a 2006 ta ba Zack Snyder, wanda a lokacin yake kammala fim ɗin 300, shi ma daga littafin zanen Frank Miller. An yi ɗauka a Vancouver ta ƙasar Kanada daga Satumban 2007 zuwa Fabrairun 2008. Ko a nan ba a huta ba, domin Fox ta kai ƙara kotu tana cewa har yanzu tana da haƙƙi a kan aikin, sai a Janairun 2009 aka sasanta, saura ƴan makonni a saki fim.

ABIN DA FIM YA KAMA

Adalci ne a faɗi abin da Snyder ya yi daidai. An so a dawo da labarin zamanin yaƙi da ta'addanci, ya dage a bar shi a 1985 da Nixon ɗinsa. Ya ƙi sassauta shi domin yara su shiga kallo, abin da ya rage masa masu sayen tikiti. Ya riƙe littafin a hannu a wurin ɗauka kamar taswira. Jackie Earle Haley ya fito a Rorschach ta yadda da wuya mai karatu ya sake jin wata murya idan ya koma littafin. Jeffrey Dean Morgan ya kama muguntar Comedian da ɓacin ran da ke ƙarƙashinta. Billy Crudup ya ba Dokta Manhattan murya mai sanyi, ta wanda ya fara mance yadda ake zama mutum, kuma zaman Mars, da kiɗan Philip Glass a bayansa, ya kusanci abin da babi na huɗu ya yi fiye da yadda aka zata.

Wurin da kusan kowa ya yaba kuwa shi ne ƴan mintocin farko, inda sunaye ke fitowa. A nan an bi tarihin wannan karkatacciyar Amurka daga shekarun 1940 zuwa 1980 da hotuna masu motsi a hankali, waƙar Bob Dylan tana tafiya, babu mai magana. An ga tashin masu rufe fuska na farko da yadda suka ƙare, wani a gidan mahaukata, wani a kwance cikin jini. An ga Comedian a Dallas ranar da aka harbe Shugaba Kennedy, abin da littafin ya yi wa ishara kawai. Abin lura shi ne wannan yanki babu shi a littafin a wannan siffa. Snyder ya tattaro abin da ke warwatse a takardun ƙarshen babi ya faɗe shi da harshen sinima. Wato inda ya fi kusa da ruhin littafin shi ne inda ya daina kwafar shafukansa.

ABIN DA YA ZUBE A HANYA

Fim ɗin da aka nuna a sinima minti 160 ne da ƴan kai. Domin a kai ga haka sai da aka cire labarin ƴan fashin teku, aka fitar da shi daban a faifai. Daga baya aka saki wani zubi mai minti 186, sannan wani mai minti 215 da aka mayar da ƴan fashin a ciki. Amma ko a can, sai dai a tsayar da labari ɗaya a nuna ɗayan. Saƙar nan ta karanta biyu a lokaci guda ba ta yiwu ba.

Sauyin da aka fi yin surutu a kansa shi ne na ƙarshe. Babu dodo a fim. Veidt ya tarwatsa manyan biranen duniya da wani makamashi irin na Dokta Manhattan, mutum miliyan 15 suka mutu, aka ɗora wa Manhattan laifi. Masu kare wannan sauyi suna da hujja: dodon yana buƙatar a nuna tsibirin da aka ɓoye masu zane da masanan da suka ƙera shi, kuma babu lokacin yin haka. Masu suka kuma suna cewa Manhattan makamin Amurka ne shekara da shekaru, in ya hallaka Mosko, da wuya Sobiyat ta rungumi Amurka a matsayin abokiyar jaje.

Sai dai asarar da ta fi wannan girma ba a cika ambatonta ba. A littafin, mai karatu ya yi babi goma sha ɗaya yana zama da mutanen kusurwar titin nan: mai jarida da surutunsa, yaron da ke karatu bai saya ba, direbar tasi da rigimarta, likitan ƙwaƙwalwar da hirarsa da Rorschach ta dagula masa aure, ƴan sanda biyu masu bincike. Ba su da wani iko, ba su san abin da ake ƙullawa ba. A daƙiƙar ƙarshe mai jaridar ya rungume yaron yana son ya kare shi. Babi na 12 ya buɗe da cikakkun shafuka shida, babu magana, sai gawarwaki, kuma a cikinsu akwai fuskokin da mai karatu ya sani. A fim waɗannan mutane sun zama ƴan wucewa, haske ya share su, abin da ya rage rami ne mai tsabta babu gawa ko ɗaya. Saboda haka lissafin Veidt, na kashe miliyoyi domin ceton biliyoyi, ya fi sauƙin haɗiya a majigi. An kuma cire ganawar ƙarshe tsakanin Veidt da Manhattan, inda Veidt, shi kaɗai a ɗakinsa, ya nemi a tabbatar masa cewa daidai ya yi, bai kuma sami tabbacin ba. A fim an ba wata bakin faɗin wannan magana, shakkar Veidt ta tafi tare da ita.

Sai batun faɗa. Snyder gwani ne wajen ƙawata naushi, yana rage gudun hoto ya nuna karyewar ƙashi dalla-dalla. Dan da Laurie, waɗanda littafin ya nuna a matsayin mutane masu haki bayan ɗan artabu a lungu, a fim suna tashi sama suna ragargaza mutane kamar ba jiki gare su ba. Littafin da aka rubuta domin a sa mai karatu ya ji ƙyamar bautar masu ƙarfi ya koma fim da ke sa a tafa musu. Wannan ya fi bayyana a kan Rorschach. Moore ya gina shi ne a matsayin gargaɗi, mutum mai ƙazanta da ƙiyayya wanda ba ya ganin komai sai fari da baƙi, kuma ya sha nuna damuwa da yadda wasu masu karatu suka ɗauke shi gwarzo. Kyamara ta ƙara masa kwarjini, har ya zama shi ne tauraron da ƴan kallo suka fita suna yabo.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Katangar Balin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991. Matashin da ya shiga sinima a 2009 bai taɓa kwana da tsoron da aka rubuta littafin a cikinsa ba. Ƙari a kan haka, littafin ya zo ne bayan shekara kusan 50 ana karanta labaran sadaukai, ya sami abin da zai warware. Fim ɗin kuwa ya fito shekara ɗaya kacal bayan Iron Man, lokacin da guguwar fina-finan sadaukai take tasowa, jama'a ba su kai ga ƙosawa da su ba balle su nemi mai tone musu asiri.

KUƊI DA HAƘƘI

An kashe wajen dala miliyan 130 a kan fim ɗin, ya tara wajen miliyan 185 a duniya. A makon farko ya sami dala miliyan 55 a Amurka, a na biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. Masu sharhi sun rabu: Roger Ebert ya ba shi cikakken maki, wasu suka ce gawa ce aka yi wa kwalliya. Wanda ya fi cin riba shi ne littafin, domin tallar fim ɗin ta sa an sake buga shi da ɗimbin yawa.

A nan ne kuma ciwon Moore yake. Yarjejeniyar da shi da Gibbons suka sa wa hannu ta ce haƙƙin mallaka zai dawo gare su idan kamfanin ya daina buga littafin na tsawon shekara guda. A wancan zamani littafin zane ba ya daɗewa a kasuwa, don haka suka ɗauka ƴan shekaru ne. Watchmen ya karɓu, DC ba ta taɓa daina buga shi ba, haƙƙin bai dawo ba har yau. Moore ya bar kamfanin a ƙarshen shekarun 1980. Fina-finan da aka yi daga wasu littattafansa, From Hell a 2001 da The League of Extraordinary Gentlemen a 2003 da V for Vendetta bayansu, sun ƙara nisanta shi da Holiwud. A 2012 kamfanin ya fitar da jerin littattafai a kan rayuwar mutanen Watchmen kafin labarin, ba da yardarsa ba. Shekara 48 ke tsakanin dala 130 ɗin Siegel da Shuster da yarjejeniyar Moore, amma a duka biyun kamfani ne ya tashi da kayan.

A 2019 tashar HBO ta nuna wani shiri mai kashi tara da sunan Watchmen, wanda Damon Lindelof ya tsara, Regina King ta ja ragamarsa. Lindelof bai sake ba da labarin littafin ba. Ya ɗauke shi a matsayin abin da ya riga ya faru, har da dodon, ya ci gaba shekara 34 bayansa. Ya tambayi kansa abin da ke hana Amurkawan yau barci kamar yadda nukiliya ta hana na 1985, ya ga wariyar launin fata ce, sai ya buɗe da kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen fata a Tulsa a 1921. Shirin ya ci lambobin Emmy 11, kuma da yawa daga masu kallo a nan suka fara jin labarin Tulsa. Shi ma Moore bai sa masa albarka ba.

Mu ma wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a hannun Adamu Halilu a 1976, kuma Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya zama fim a hannun Med Hondo a 1986, shekarar da Watchmen ya fara fitowa. Marubutanmu na yau kuma suna ta miƙa littattafansu ga masu shirya fim. Abin da tarihin Watchmen zai amfane su da shi biyu ne. Mai ɗaukar littafi zuwa majigi ya fara gano abin da littafin yake so mai karatu ya ji, sannan ya nemi hanyar da kyamara za ta kai ga wannan, ko da zai saɓa wa shafi, domin Snyder ya kwafi hotuna da aminci amma mutanen kusurwar titi sun zube masa. Marubuci kuma ya karanta takardar da zai sa wa hannu da idon wanda ke zaton littafinsa zai yi shekara 40 a kasuwa.

Wanda bai taɓa karanta littafin ba zai iya jin daɗin fim ɗin 2009, zai kuma fita da labarin kusan cikakke. In ya sami dama daga baya, ya nemi littafin ya buɗe babi na biyar daga tsakiya, ya riƙa duba shafin dama da na hagu yana ja da baya har bango.